Sista Mai Filo da Cinikin Bulumboti

"Hajiya, zo mu yi ciniki," in ji Sista, ta zare bulumbotin da yayata ta ɓoye a cikin mayafi. "Ki bar min wannan a durowata har ranar da za a cire wa surukarki zare. In nauyin jikanki bai ƙaru ba, zan maido miki, in ba ki haƙuri a gaban kowa."

"In ya ƙaru fa?"

"Sai ki riƙa zuwa kina zama kan bencin can, kina yi wa kakanni irinki bayani. Ni sun raina ni, wai ba ni da jika."

Yayata ta ja tsaki, ta ce ta yarda. Ni ne shaida, ina tsaye da makullin mota a hannu.

Direban tasi ne ni, a ƙofar asibitin nan na yi furfura. Ban yi nisa a boko ba, amma wanda ya shekara yana kai masu jego gida ya san ma'aikacin da ake yi wa addu'a a kujerar baya. Wannan baiwar Allah kullum da safe za ta sauko daga bas, jaka a kafaɗa, filo a hammata. Ta goge sikelin jarirai, sannan ta bi gadajen waɗanda aka yi wa tiyata ɗaya bayan ɗaya. Ta kwantar da uwa a gefe, ta tare ɗinkin da filo, ta ɗora mata ɗa a nono. Daga nan sunan ya bi ta.

Mutanenmu suna da wani tausayi mai cutarwa. Da an ce ɗan tiyata ne, sai a ce allurar barci ta ɓata nonon uwar, yaron kuma ba shi da ƙwari, a yi ta ɗura masa madarar gwangwani har da sukari. In ya yi ɓulɓul a ce masha Allah. Na taɓa tambayar Sista me ya dame ta da ƙibar jariri.

Ta ce, "Baba direba, likitoci na zargin yaran tiyata sun fi saurin yin ƙiba in sun girma. Ba su gama tabbatarwa ba, ni ma ba zan rantse ba. Wuƙa dai rai ta ceta, ba ni da ta cewa a kanta. Abin da zai shiga bakin yaro kuwa, nan ina da baki."

Cinikin bai zo da sauƙi ba. Nono ya ƙi kawowa, yaro na tsala kuka, uwar na hawaye, yayata na zagaye gado tana cewa za a kashe mata miji da yunwa. Sista, ke ce kika bar abincinki ya huce a kan tebur, kika durƙusa a gefen gadon kina tatsa da hannu, kina ɗiga wa yaron da cokali. Ke ce kika ce wa yarinyar, "Ƙanwata, jikinki bai lalace ba, gajiya ce." Ba ki ɗaga wa kowa murya ba.

Ranar cire zare aka ɗora yaron a sikeli. Yayata ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce sikelin asibiti ai ba a yarda da shi. Washegari sai ga ta a kan benci.

Yanzu Sista ta ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji. Mun gode, Sista, Allah ya saka miki da abin da ba za mu iya biya ba. Ku ƙananan ma'aikata, ku riƙa zama kusa da mai ɗinki kafin kakanni su riga ku.

In aka yi lissafi, yaron ya ci riba, uwarsa ta ci. Yayata ta faɗi a musu, amma ta samu inda za ta yi ta faɗa ana saurarenta. Mai kantin madara na tsallaken titi ya daina gaishe ni. Babbar asara kuwa tana kan wadda za a fito da ita daga ɗakin tiyata gobe, ta waiga ba ta ga kowa da filo a hammata ba.