Kwandon Ganye na Agadas

Ɗiyarmu ta fari tana aure a Agadas. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, uwarta ma haka. A wajenmu ba a hira da ɗan fari, sai gaisuwa, kowa ya kau da kai. Abin da ke tsakaninmu da ita kwando ne. Duk lokacin sanyi mukan cika shi da alayyahu da salati daga garkarmu ta Sabon Gida, mu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, mu ba direban motar albasa. Idan ya isa sai ta kira, ta ce ganye ya zo lafiya. Da wannan dalilin nake jin muryarta.

Uwarta ce mai kula da taki. Kullum takan share turken awaki, ta zuba a rami, ta riƙa watsa ruwan wanke-wanke har ya ruɓe ya huce. Nakan tsokane ta in ce na auri mai tara kashin akuya. Ganyen da takinta ke bayarwa bai cika girma ba, amma yana da kauri, yana jure tafiya.

Da ta rasu aka raba awakin a gado, turke ya zama fayau. Na sayo takin zamani na watsa, ban yi masa rowa ba. Ganye ya tashi fato-fato, kore shar, maƙwabta suna tsayawa kallo. Ni da ba na son yabo, ranar nan har hula na gyara. Na cika kwando kamar kullum na kai tasha.

Abin da na ajiye don miyata kuwa, kafin la'asar ya yi laƙwas. Washegari ƙasan ya narke, yana yauƙi yana wari. Ashe duk girman nan ruwa ne. Na zauna ni kaɗai a tsakar gida ina tunanin kwandon da ke bisa mota cikin rana.

Da ɗiyata ta kira, ba ta ambaci ruɓa ba. Tarbiyyar uwarta ce.

"Baba, saƙo ya iso, Allah shi saka. Amma ka bar wahal da kanka hakanan. Akwai ganye nan kasuwa."

Na ce, "To, madalla."

Bara na bi gidajen mutane da ƙwarya ina roƙon kashin awaki, tsofai-tsofai da ni, har wata ta tambaye ni ko lafiya. Na haƙa rami na yi yadda na ga ana yi. Ganyen ya fito daidai, mai kauri. Na yanka, na wanke, na ɗauki salula in ce wa ɗiyata zan aiko. Na daɗe ina riƙe da ita. Kewarta nake ji ƙwarai, amma ban san ta inda uba ke fara wa ɗiyar fari magana ba.