Sunan Surukin Udbala

Ga wani marubuci can a kasuwar dawaki ta Ordos, a yankin Mongol, zaune kan sirdinsa a ƙasa, kusa da tsohuwa Udbala mai sayar da busasshen cuku. Rigarsa ta siliki ce irin ta 'ya'yan sarauta, amma bakin hannun duk tawada. A hammata yake ɓoye 'yar kwalbar tawadar don kada sanyi ya daskarar da ita. An ce shekara goma ke nan yana bin tantuna yana rubuta asalin ƙabilar Mongol, wa ya haifi wa, wa ya faɗi a wane yaƙi.

Yau sunan surukin Udbala yake nema, mutumin da ya riƙe tuta a yaƙin ƙarshe. Duk wanda ya san sunan ya mutu, sai ita.

"Iya, sau ɗaya kawai. Ko a kunne ki raɗa min."

"Ranka ya daɗe, uban mijina fa! Shekara hamsin bakina bai kama sunan nan ba, sai yau don takardarka? Sayi cuku ko ka matsa min."

Babu fushi a fuskarsa. Ina jin ko matarsa ba ta taɓa kiran sunan ubansa ba. Yana jan rubutunsa daga sama zuwa ƙasa yadda Mongol suke yi, ya sa "mai riƙe tuta", ya bar fili kamar faɗin yatsa biyu.

Udbala ba ta iya karatu ba, amma ta leƙa, ta ɗora yatsa a kan farin wurin.

"Ƙara masa fili," in ji ta. "Dogon mutum ne."