Kifin Kaguwa

Shekarar da masaƙar Kakuri ta sallami maigidana, sai ya koma kiwon kaguwa. Ni dai dariya na yi masa, don a garinmu na kudancin Kaduna yara ne ke tono ta a bakin rafi. Amma wata mai abinci 'yar Ibo a Sabon Tasha ta ce in ta yi ƙiba za ta riƙa saya. Ya yanka durom biyu, ya zuba laka da ruwa, ya jera a bayan ɗakinmu a Makera.

Kaguwa ba ta da aiki sai ci. Ya gwada dusa, suka ƙi ƙiba. Ya gwada hanjin kaji, wari ya haɗa mu faɗa da maƙwabta. Ana nan ya samo wani mutum a bakin kogi mai sayar da ƙananan kifi kamar kyauta. Bai tambayi dalilin arhar ba.

Surukata, wadda muke kira Mama, da ke zaune tare da mu, ta kasa jure wannan. A wurinta, a jefa wa ƙwaro kifi alhali akwai yarinya a gida, zunubi ne. Yarinyar ita ce 'yata, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba.

Wata rana na dawo daga kasuwa da hantsi na leƙa durom, na tarar da kaguwar duk sun yi rigingine. Na ɗauki ragowar kifin na shinshina, sai warin maganin ƙwari irin na feshin gona. Na san wasu na zuba shi a ruwa kifi ya taso su kwashe. Ina cikin tunanin yadda zan faɗa wa maigida, idona ya faɗa kan murhu. Ƙayoyin kifi ne a gefen toka, an tsotse su tas.

Na tambayi Mama wa ya ci. Ta ce masu kyan ta tsince ta gasa wa jikarta, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Yarinyar na kwance a tabarma, yawu na dalala, jikinta sharkaf da gumi. Wata maƙwabciya ta taho da manja za ta ɗura mata, na ture ta, na goya 'yata na fita ba takalmi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Duk hanya ina taɓa ƙafarta ta baya don in ji ko tana motsi.

A asibiti suka karɓe ta suka rufe ƙofa. Mama ta iso daga baya, ta zauna a ƙasa nesa da ni. Da yamma nas ta fito ta ce an auna arziki.

Maigida ya kifar da durom ɗin, bai ƙara zancen kaguwa ba.

Mama kuwa, tun daga ranar, ko ƙosai za ta ba yarinyar sai ta fara ci, ta zauna tana jira. Yarinyar na kuka tana miƙa hannu, ita kuma ta ɓoye shi a bayanta.

“Yi haƙuri, uwata,” take cewa. “Bari ya fara da ni.”