Wa Zai Ɗauki Bertha?

Kowace safiya, kafin ruwan kofi ya tafasa, Lorraine Kivela takan zura silifas ɗin mijinta ta gangara ɗakin ƙasa na gidansu da ke Duluth, ta duba Bertha. Bertha tsohuwar kwamfuta ce mai gurnani kamar firji, tana zaune tsakanin injin wanki da gwangwanayen fenti. Aikinta ɗaya ne: ta jawo sabon canjin da aka yi wa injin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta gwada ko har yanzu yana tashi a kan Muskeg. In ya tashi, allo ya nuna kore. In ya ƙi, ya nuna ja.

Muskeg ita ce manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu, mu 'yan sa-kai muka gina ta, babu kamfani a bayanmu. Burauza ta fi ƙarfinmu mu ƙera daga tushe, shi ya sa muka ɗauko injin da manya ke ginawa a fili, muka dasa shi a kan tamu. Su can ɗaruruwan hannaye ke taɓa shi kullum, ba ruwansu da mu. Ƙa'idarsu kuwa a bayyane take: duk dashen da ya daɗe yana nuna ja, sai a cire shi. Ranar da aka cire namu, ba mai sake buɗe shafin banki ko na asibiti da Muskeg, aikinmu na shekaru ya zama kayan wasa.

Sama da shekara goma, Lorraine ce ta hana wannan ranar zuwa. In ta ga ja, ta san wanda za ta taɓa, ta san mai zuciya, ta san wanda sai an lallaɓa. Teo Villaseñor, mutumin El Paso, ya ba ni labarin gyaransa na farko, wanda ya shafi haruffa.

"Wallahi shirme na aika," in ji shi. "Haruffan har hawa kan juna suke. Sai ta rubuto min, wai Teo, ka kusa, mu gyara layi biyu. Layi biyun nan fa sai da ta rushe rabin abin ta sake ginawa, sannan ta shigar da shi da sunana. Na ce mata ai aikinki ne. Ta ce, kai dai kawo na biyu."

Haka ta yi wa kusan kowannenmu. Shi ya sa in ka duba tarihin aikin, sunayenmu ne birjik, nata sai ka nema. Mu kuma muka yi ta ɗaga kafaɗa a taruka kamar mu muka yi.

Shekarar da ƙanƙara ta narke ruwa ya shiga ɗakin ƙasa, ita da mijinta Walt suka cicciɓo Bertha suka ɗora a teburin cin abinci. Walt ya yi ritaya daga lodin tama a tashar jirgin ruwa, bai san komai a harkarmu ba, amma ya yi wata da watanni yana cin dankalinsa a gefen wannan gurnani. Ya ce da ni, "Ni na auri mace ɗaya, aka haɗa min da injin janareta."

Ke ce uwar gayyar nan, Lorraine, mu kuwa muka maida ke kamar wutar lantarki, wadda ba a tunawa da ita sai ta ɗauke.

A kakar da ta wuce ta yi mana rubutu a zauren hirarmu na intanet. Ciwon gaɓɓai ya kama mata hannuwa, za a yi mata aiki, bayan nan za su sayar da gidan su koma ƙaramin ɗaki kusa da 'yarsu. Ta rufe da tambaya ɗaya: wa zai ɗauki Bertha?

To, muna da wata al'ada a zauren nan. In mutum ya yi magana, sai a danna masa alamar babban yatsa ko ta zuciya, ma'ana an gani, an yaba. Saƙon Lorraine ya sha yatsu da zukata irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Nawa yatsan yana ciki. Amma ko mutum ɗaya bai rubuta "ni" ba. Kowa ya danna ya ji kamar ya sauke nauyi, ya koma harkarsa.

A taronmu na shekara muka ba ta kofin shayi mai tambarin Muskeg, muka yi ta tafi. Ta juya kofin a hannunta da ya kumbura, ta ce, "Kai, ya yi kyau, na gode. Wa zai ɗauki Bertha?" Sai ga manyan mutane masu furfura kowa yana duban takalminsa. Wani ya ce a buɗe tattaunawa a kai. Aka buɗe. Ita ma tattaunawar ta samu yatsu.

Makon da aka yi mata aiki, allon Bertha, wanda dukanmu ke gani ta intanet, ya koma ja. Mun gani, ba wanda zai ce bai gani ba. Wannan ya rubuta "ni ma ya karye a wurina," wancan ya rubuta "ni ma." Kowa na jiran mai gyara, mun manta mai gyaran tana kwance hannu a naɗe. Da jan ya daɗe, masu injin suka aiko da sanarwa cikin ladabi, cewa da alama dashen Muskeg ba shi da mai kula, za su cire shi.

Bayan kwana kaɗan allo ya koma kore, muka yi ta murna da yatsu. Sai daga baya na ji yadda aka yi, daga bakin Walt. Ta zaunar da shi gaban Bertha, tana faɗa yana bugawa da yatsa ɗaya.

"Ta ce in danna alamar baka ta rubutu, na ce wane bakan? Ta ce mai lanƙwasa. Na ce Lorrie, duk a lanƙwashe suke! Ta ce Walt, ka loda jirgi shekara talatin, ka kasa ganin ƙugiya ɗaya?" Ya yi dariya, sannan ya dube ni. "Na tambaye ta, ina mutanenki? Ta ce suna da aiki."

Suna da aiki. Ko a nan ma kare mu ta yi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Ke ce kika riƙe mu ba albashi ba suna, kika ɗora mu a gaba kika tsaya a baya. Mun gode, Lorraine, kuma ki yi haƙuri. Allah ya ba hannuwanki lafiya.

Ranar Asabar na tuƙa mota zuwa Duluth. Ni da Walt muka saka Bertha a kujerar baya, Lorraine ta ce a ɗaura mata bel. Yanzu tana gurnani a ɗakin wankina. Amma ɗaukar kwamfuta shi ne mai sauƙin. Abin da mace ɗaya ta riƙe, na gwada mako guda na ga ba zan iya ni kaɗai ba, kuma masu injin sun ce in muka sake daɗewa a ja, ba za su ƙara aiko da sanarwa ba. Na ɗauki Litinin, Teo ya ɗauki Juma'a. Sauran ranakun babu kowa.

Saboda haka 'yan zaure, ga roƙona. In kun karanta wannan, kada wanda ya danna min yatsa. Ku rubuta sunanku da ranar da kuka ɗauka. Yau Talata, kuma allo ja ne.