Na Je Gyaran Gidan Ɗana

Mun tashi da asuba daga Daura, ni da maiɗakina, ana idar da salla muka nufi tasha. A jakata akwai goro da dabinon jikoki, sai wani abu da ban nuna mata ba: sabuwar dorina da na saya a kasuwa. Labari ya iso mini cewa ɗana na fari, wanda ke noma a wani ƙauye bayan Zango, ya ajiye 'ya'yansa uku a gida, shi da matarsa ke koya musu karatu, saboda makaranta ta yi nisa, ga rafi a tsakani. Na ce a raina, gidan da ba malami ba bulala, ai sai barci har hantsi. Bari in je in gyara.

Akwai kuma abin da ke cina. Shekara da shekaru bai taɓa barin yaran nan sun kwana a gidana ba. In ya kawo su gaisuwar salla, kafin magariba ya kwashe su. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, na fake da kunyar ɗan fari, wanda ko sunansa ba na kamawa.

Kuɗin mota ya ninka na bara, direba kuwa ya ce mai ƙorafi ya je gidan mai ya yi. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, kajin wani bawan Allah a ƙarƙashin ƙafata suna tsattsagar takalmina. Amma hanya ta yi kyau. Gero ya nuna har an fara yanka, dawa na tsaye tana jiran lokacinta, mata sun duƙufa a gonakin gyaɗa. A Zango muka karya da waina mai zafi, sannan muka hau babura biyu. Rairayin hanyar ƙauyen nan kuwa, maiɗakina ba ta daina salati ba har muka sauka.

Mun tarar an tashi daga karatun ranar. Abin da ya fara ba ni mamaki bayan la'asar ne. Surukata, wadda ta yi karatun koyarwa kafin aure, ta jiƙa geron kunun gobe, babban yaron ya wanke alluna ya jingina su sha iska, na tsakiya ya jera littattafai da fensir a cikin wata tasa, ƙaramar ta share gindin darbejiya. Na tambayi surukata gaggawar me ake yi. Ta rusuna ta ce, "Baba, ai safiyar gobe tun yau ake gyara ta. In an bar ta sai gobe, faɗa ne."

Washegari da muka dawo masallaci na zauna a dakali, jakata a gefe, ina jiran in ga lalaci. Ɗana ya tsuguna a ƙofar ɗakin yara, ya yi sallama a hankali, ya taɓa ƙafar babban, ya jira. Shi ke nan. Biyu suka fito suka yi alwala. Ƙaramar ta ƙi tashi, uwar ta ɗauko ta har da mayafinta, ta zaunar da ita a tabarma ta bar ta ta gama hamma. Bayan salla aka sha kunu tukuna. Ni a gidana karatu ne farko, ina cewa ciki da yunwa ya fi riƙe harafi. Wayar uban da ta uwar aka sa a ƙwarya aka rufe da faifai, rediyo a kashe. Aka yi allo, aka shiga boko, ana lissafi da ƙwayar gyaɗa, wanda ya ci daidai ya cinye. Ba wanda aka ce masa yi kaza, don jiya haka aka yi, shekaranjiya ma haka.

Ana cikin haka ƙaramar ta zo neman dabino a jakata, ta zaro dorina. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Angona, wannan na mene ne?"

Kafin in buɗe baki na ga ɗana, mutum mai gemu, ya miƙe zumbur ya tsaya tsakanina da ita. Fuskarsa ta koma ta yaron da nake tasa da ruwan buta mai sanyi da tsawa. A nan na sami amsar da ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "Ta jaki ce."

Ta ce, "Ka zo da bulala ka manta jakin? Tsufa ya kama ka!"

Da hantsi na bi shi gona. Muna ɗaure damin gero na ce masa, "Na zalunce ku da safiyoyinku."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku bari. Sai dai har yau in na ji an dire buta da asuba, gabana faɗuwa yake. Shi ya sa na yi alkawari nawa ba za su san wannan ba."

Na ce ba zan bar gonar ba sai ya ce ya yafe. Ya daɗe yana gyara igiyar damin da tuni ta ɗauru, sannan ya faɗa.

Kwanan mu uku muka juyo. A Zango na ba wani mai amalanken shanu dorinar, ya yi ta godiya, ni kuwa na roƙe shi ya tausaya wa shanun. Maiɗakina ta ce ai tun a Daura ta ga wutsiyarta a jaka, ta bar ni ne in je in sha kunyata.

Mun iso gida lafiya kafin azahar. Na je gyaran gida, gidan ya gyara ni, kuma yanzu na tabbata yaro da cikinsa a ƙoshe, zuciyarsa a kwance, ya fi riƙe karatu. Tun a ƙauyen, da za mu hau babur, ɗana ya ce in an gama kaka zai kawo yaran su yi mako a wurina. Na sayi tabarmi uku, na ware ƙwaryar waya. Kullum da asuba kuma ina koyon ajiye buta a hankali.