Ragar Tsinken da Ta Ƙi Karyewa a Ƙarƙashina

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokiyar aikina da muke kira Masaƙiya, bayan jinyar mako uku. Ina tsaye gaban injin gwada ƙarfin kaya a ɗakin gwaji 'yarta ta fari ta bugo waya ta ce, "Anti, Mama ta cika." Na kashe injin na zauna a kujerarki, Masaƙiya.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ba ki da maƙiyi. Wataƙila haka ne. Amma kina da mai hassada, teburinta na kallon naki shekara ashirin da biyu, kuma ita ce take wannan rubutu.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki a jami'a. Sana'armu tsara ƙarfe da roba ne a saƙa su kamar raga, su zama ba nauyi amma su ɗauki kaya ba su lanƙwashe ba. Na fi ki lissafi, ke ma kin sani. Ni in wata sanda a cikin ragar ta yi rauni, kauri nake ƙara mata. Ke kuwa sai ki yi ta kallon zane, ki sa yatsa ki ce, "Wannan zaman banza take yi, nauyi ba ya bi ta kanta," ki goge ta.

Shekara tara da suka wuce kika shigo da sabuwar tsintsiya da kwalbar gam. Kwana huɗu kina yanka tsinke kina haɗawa, kina cire ɗaya cikin kowane uku, kina karkata sauran su tokare juna. Abin ya fito kamar girman bulo, bai kai kofin shayi nauyi ba. Kika ajiye shi a ƙasa.

"Hau ki tsaya," kika ce. "Ni ba ni da jikin kirki, ke ce Allah ya yi wa albarka."

"In ta karye, ke za ki ɗaure mini ƙafa."

"In ta karye, sabuwa zan yi miki."

Na cire takalmi na hau. Ko ƙara ba ta yi ba. Na ɗaga ƙafa ɗaya. Har tsalle na yi, kika tafa hannu kin zaci murna ce. So nake ta karye, Masaƙiya. Allah ya gafarta mini.

Wannan saƙar ce kika yi ta gyarawa har ta zama cikin ƙafar roba da masu yankakkiyar ƙafa ke sawa su yini ba su gaji ba. Na ga wani tela da aka sa wa irin ƙafar ya zo godiya, ya taka matakala goma sha biyu ba sanda. Kowa ya yi ƙwalla. Ni na shiga ofis na rufe ƙofa.

Alherinki ma ciwo yake mini. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, zango guda kina koyar da ajina, ba ki taɓa ambata ba. Da na yi kuskure a lissafin wata gada, ba ki faɗa a taro ba. Takarda kika tura ta ƙarƙashin ƙofata, da fensir: "Duba layi na bakwai." Na duba, na gyara, ban gode ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni yin shiru. Kwana huɗu da binne ki Shugaban Sashe ya tara mu, ya ce za a nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira ranar Alhamis, da sunansa a kai, wai aikin sashe ne, wai babu shaidar wanda ya fara. Mutumin da ya ga ragar tsinkenki ya tambaya ko kejin tsuntsu ne! Ya san ba ki rubuta kwanan wata a komai. Ya san 'ya'yanki ba su san ƙofar da za su buga ba.

Abin da bai sani ba shi ne, ni na rubuta. Ranar da na sauko daga kan ragar, na kwafe zanenki tsinke-tsinke a littafina, na sa kwanan wata, na yi wata uku ina neman inda kika kuskure. Ban samu ba. Sai na rubuta da jar biro a tsakiyar zanen: "Ta yi daidai, munafuka. Me ya sa ita, ba ni ba?" Na juya shafin nan ta kowace fuska, babu yadda za a yage zagin a bar zanen.

Saboda haka ranar Alhamis zan kai littafin gaban kwamitin da zai duba maganar mallakar, yadda yake. Za su karanta, su ɗago su kalle ni, su san ko wace ce ni. Na yarda. Kin rufa mini asiri a layi na bakwai. Ni zan tona nawa, sunanki ya zauna a kan aikinki.

Ga maigidanta, da 'yarta ta fari, da Auta, da 'yan uwanta duka: Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tokare ku ta inda ba ku zata ba. Ragar tsinken tana saman kabad ɗinta, taku ce, zan kawo muku da hannuna bayan kwamiti ya gan ta.

Allah ya jiƙan ki, Masaƙiya, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya sa kowane taku da wani ya yi da ƙafar da kika saƙa ya zama nauyi a ma'aunin ladanki. Ni kuma ya wanke mini zuciya, ya sa ki yafe mini tsallen nan.