Maganin da Yakubu bai samu ba

Jiya na tarar da robar maganin Ladi, 'yar maƙwabciyata, a kwandon shara. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce:

"Mama, ai na warke. Dubi ƙibar da na yi!"

"Ladi, ƙanjamau ba ya tafiya. Maganin ne ya danne ƙwayar cutar, ya hana ta hayayyafa. Kika daina sha, sai ta farka."

Na ba ta labarin ƙanena Yakubu, ma'aikacin masaƙa a Kakuri, wanda cutar ta kama a ƙarshen shekarun 1980. Ya rame har ina ɗaukarsa kamar yaro. Maganin ƙarin jini kawai mai kemis yake ba mu, don babu wani. A hannuna ya cika.

Ladi ta ɗauko robar, ta haɗiye ƙwaya ɗaya tana hawaye.

Jama'a, me za ku ce wa wanda ya samu, ya zubar?